Yadda ake yanka tiredin alƙalami da hannu, murfi ya zauna daidai

Matsala biyu ke damun mai ƙera alƙalamin tawada daga sandar roba, wanda shi zai yanka tiredin murfi da na gangar jiki da hannunsa. Ta farko, ka murɗa murfi ya rufe amma ya zauna a karkace: gefe ɗaya ya manne, ɗaya gefen kana hango haske ta tsakani. Ta biyu, murfi ya zauna tsaf, sai dai zanen da ke jikin robar ya rabu, layin murfi na kallon gabas na jiki na kallon arewa, ko maƙalin aljihu ya ƙi daidaita da bakin alƙalamin. Mutane da yawa na ɗaukarsu abu ɗaya, alhali maganinsu daban. Ta farko ana kawar da ita tun kafin ƙarfen yanka ya taɓa roba. Ta biyu kuwa lissafi ce, ana yin ta bayan an gama yanka, kuma babu sa'a a cikinta.

Abin da ya kamata ya kasance a gabanka

Kana bukatar injin juyi, na ƙarfe ko na katako, da abin riƙe aiki irin kolet. Kolet na ER32 yana riƙe sanda har mai kaurin milimita 20, wanda ya ishi kusan kowane alƙalami. Ya fi cok mai haƙora uku nesa ba kusa ba, domin yana rungumar sandar ta kowane gefe, ba ya cizon ta. Sai taf, wato ƙarfen da ke yanka tiredin ciki (ta mace), da dayis mai yanka na waje (namiji). Sai mariƙin dayis mai zamewa a kan sandar da ake cusawa a wutsiyar inji, wato ɓangaren da ke fuskantar kolet daga ɗaya ƙarshen, da tsinin jagora mai sifirin da ke tokare bayan taf, da ma'aunin baniya na dijital, da ɗan guntun diril na buɗe tsakiya.

Girman da aka fi amfani da shi wajen haɗa murfi da jiki shi ne M12, M13 ko M14 (lambar ita ce kaurin tiredi a milimita), tazarar haƙori 0.8, mai mashiga uku. Na haɗa mariƙi, wato ɓangaren da yatsu ke riƙewa wajen rubutu, da gangar jiki galibi M10x1 ne. Shi kuma gidan bakin alƙalami kowane kamfani da nasa: lamba 6 na JoWo da ke Balin a Jamus yana shan M7.4x0.5, lamba 6 na Bock, shi ma na Jamus, yana shan M7.9x0.6. Ba sa shiga na juna, saboda haka ka fara sayen bakin kafin ka sayi taf ɗinsa. A nan zan yi misali da M13x0.8 mai mashiga uku da M10x1.

Me ake nufi da mashiga uku? Tiredin noti na yau da kullum zare ɗaya ne ya nannaɗe. Wannan kuwa zare uku ne ke tafiya gefe da gefe, kowanne da inda ya fara a bakin. Tsakanin haƙori da haƙori milimita 0.8 ne, amma juyi ɗaya yana tafiyar da murfi milimita 2.4. Shi ya sa tiredi mai tsawon milimita 5 ke buɗewa da juyi biyu da ɗan kaɗan, alhali mai mashiga ɗaya na 0.75 sai ka juya kusan sau bakwai. Riƙe lambar nan 2.4, za mu dawo kanta.

Kafin ka yanka komai

Ɗauki sandar robar, ka ja layi miƙaƙƙe da maka daga wannan kai zuwa wancan, a kan zanen da kake so ya haɗu. Sannan ka raba ta: rabin murfi, rabin jiki. Ka yi alama a bakunan biyu da aka raba, domin su ne za su sake haɗuwa. Idan ka juya guda ɗaya baya ya koma gaba, babu lissafin da zai dawo maka da zanen.

Yanzu duba injinka. Sa tsini a bakin inji mai juyawa, sa wani a wutsiya, ka matso da su har su kusa taɓa juna, ka saƙala reza ko siririn rula na ƙarfe a tsakani. Idan tsinin biyu na kallon juna, rezar za ta tsaya a miƙe. Idan ta kwanta gefe ko ta sunkuya, wutsiyar ta kauce, kuma duk ramin da za ka huda da duk tiredin da za ka yanka za su gaji wannan kaucewar. A injin ƙarfe akwai sukurori a gindin wutsiya na gyara hagu da dama. A injin katako yawanci babu, sai dai wutsiyar na da ɗan wasa a kan gadonta: ka gano gefen da idan ka tura ta can tsini ke haɗuwa, kullum ka riƙa tura ta can kafin ka ɗaure. Ka goge cikin ramin wutsiya da tsumma, domin ɗan ɓurɓushin roba guda ɗaya a ciki ya isa ya karkatar da mariƙin dayis.

Tiredin waje a gangar jiki

Ɗaure rabin jiki a kolet, kada ka bari ya fito fiye da abin da kake bukata, kamar milimita 20 zuwa 25. Duk tsawon da ya yi yawa a waje lanƙwasa zai yi idan dayis ya matsa shi. Daga nan har ka gama tiredin waje da na ciki na wannan bakin, kada ka kwance kolet. Wannan ita ce doka mafi girma a aikin nan. Muddin ka kwance ka sake ɗaurewa, tsakiyar aikin ta motsa, ko da idonka bai gani ba.

Gyara fuskar sandar ta yi sumul, sannan ka sassaƙe wuya, wato siririn ɓangaren da tiredi zai hau. Kaurinsa ya ɗan gaza sunan tiredin: ga M13, ka nufi 12.85 zuwa 12.9. Idan ka bar shi 13 cif, dayis zai sha wahala, ya ƙwaƙule kan haƙora, ya kuma nemi hanyar da ta fi masa sauƙi, wadda ba lallai ta zama miƙaƙƙiya ba. Ka auna a wuri biyu, baki da gindi, don ka tabbata wuyan bai tsuke ta gefe ɗaya ba. Ka bari robar ta huce kafin ka auna, domin zafi na kumbura ta.

Kafaɗar da ke gindin wuya, inda leɓen murfi zai zauna, ka yanke ta a tsaye ƙyam. A gindin wuyan, jikin kafaɗar, ka yi ɗan siririn kwari mai faɗin milimita 1 zuwa 1.5, zurfinsa ya kai kusan gindin haƙori, wato kauri ya sauko wajen 12. Dayis ba ya iya yanka cikakken haƙori har jikin kafaɗa, kwarin nan ne ke ba murfi damar ƙarasawa ya zauna a kan kafaɗa maimakon ya cije a kan guntun haƙori.

Sai bakin wuyan. Mafi ƙaranci ka fiƙe gefensa kaɗan don dayis ya samu mahawa. Abin da na fi so shi ne a ƙara tsawon wuyan da milimita 2 ko 3, a sassaƙe wannan ƙarin ya sauko zuwa 12, yadda zai shige cikin dayis ba tare da an yanke shi ba. Wannan ɗan hancin shi ke riƙe dayis a tsakiya lokacin da haƙoran farko ke kamawa, daga baya ka yanke shi ka yar. Ɗan ɓarnar roba ce, amma a tiredi mai mashiga uku tana biyan kanta, domin ana so haƙora uku su kama a lokaci guda. Idan ɗaya ya riga sauran kamawa, zai ja dayis gefensa.

Sa dayis a mariƙinsa, fuskar da haƙoranta ke da gangara tana kallon aiki. Galibi ita ce mai rubutu, amma ka duba da idonka. Ka tabbata ya zauna daram a gindin mariƙin. Sukurorin gefe ka ɗaure su kaɗan-kaɗan bi da bi, domin idan ka ƙulle guda ɗaya tamau zai ture dayis daga tsakiya. In dayis ɗinka mai tsaga ne, buɗe shi a karon farko, ka matse daga baya in tiredi ya yi kauri.

Kashe inji, ka zare filogi daga bango. Da hannu ake wannan yankan. Shafa mai kaɗan. Farin man inji mara ƙarfi ko man girki ya isa, a kan robar ebonait kuma ruwan sabulu ma na yi. Matso da wutsiya, ɗaure ta, zamo da mariƙin dayis har ya hau hancin. Hannun dama na riƙe mariƙin dayis yana ɗan turawa, hannun hagu na juya kolet. Juyin farko shi ne komai. Yi shi a hankali, kana jin nauyinsa a yatsunka. Idan lafiya, nauyin ɗaya ne duk zagayen, ɓawon roba na fitowa ta ramukan dayis duka. Idan ka ji nauyi a rabin juyi sannan sauƙi a ɗaya rabin, ko ɓawo na fitowa ta rami ɗaya kawai, tsaya, dayis ya hau a karkace. Tun yana kan hanci za ka iya ja da baya, ka gyara, ba ka yi asarar komai ba.

Da ya kama, daina turawa, bar shi ya ja kansa. Rabin juyi gaba, kwata baya don ɓawo ya karye. Robar akirilik na da saurin tsagewa, ka riƙa fitar da dayis gaba ɗaya kana share shi da tsohon buroshin haƙori. Ebonait, wato taurararriyar robar da aka dafa da farar wuta, ta fi haƙuri, tana yankuwa lumui, sai dai warinta da saurin dakushe ƙarfe. Idan ka iso kafaɗa, kada ka matse dayis a jikinta, zai tsinke haƙoran da ka gama yankawa. Fito da shi, juya shi baya ya koma gaba, ka ɗora shi a kan tiredin da yatsu kawai har ka ji ya bi tsohuwar hanya, sannan ka ƙarasa haƙoran gindi.

Ramin mariƙi, ba tare da an kwance ba

Yanke hancin, gyara fuska, ka buɗe tsakiya da guntun diril. Kada ka tsallake wannan: dogon diril idan ya sauka a kan fili yawo yake yi kafin ya kama. Huda da ƙarami tukuna, sannan na milimita 9, wanda shi ne na M10x1. Ƙa'idar mai sauƙi ce, kaurin tiredi a debe tazarar haƙori. Juyin inji ya zama a hankali, kana fito da diril akai-akai kana share shi, domin akirilik idan ya yi zafi narkewa yake ya kama ƙarfe.

Lura da wani abu a nan. Tsakanin gindin tiredin waje, 12, da kan tiredin ciki, 10, bangon da ya rage milimita 1 ne kacal a kowane gefe. Taf na buɗa roba yayin da yake shiga, kuma nan ne wuya ke tsagewa. Ka tanadi zobe na roba mai tauri ko alminiyam da ka yanka wa tiredin M13 a ciki, ka murɗa shi a kan wuyan ya zama ɗamara kafin ka sa taf.

A bayan taf akwai ɗan rami a tsakiya. Tsinin jagora mai sifirin, wanda ke cikin wutsiya, nan yake shiga ya riƙe taf a miƙe yayin da kake juyawa. In ba ka da shi, ɗaure taf a cok ɗin diril, ka saki wutsiya ta riƙa zamewa, ka juya kolet da hannu. Sai dai ka kula, nauyin wutsiya na iya tsinke haƙoran farko, ka taimaka mata da turi kaɗan. Riƙe taf a hannu kawai kana auna miƙewarsa da ido, wannan kada ma ka fara.

Murfi

Hanya ɗaya ce: ɗaure, gyara fuska, buɗe tsakiya, huda daki-daki. Ramin tiredi 12.2 ne. In kana da injin ƙarfe, huda 12 ka ƙarasa sauran da ƙarfen yashe ciki, domin shi yana bin tsakiyar inji, diril kuwa yana bin ramin da ya tarar. Bayan ka yanka tiredi, ka yashe haƙoran bakin murfi na milimita 1 zuwa 2, kaurin ya ɗan haura 13. Wannan na sa murfi ya fara zama a miƙe kafin haƙori ya kama, yana kuma rage yawan juyi.

Tun murfi na cikin kolet, kawo jiki ka murɗa. Juya kolet da hannu kana kallon ƙarshen jikin. Idan yana juyawa a wuri ɗaya, ka yi nasara. Idan yana kewaya iska, sassauta shi kwatan juyi ka sake dubawa. In rawar ta ɓace da ka sassauta, tiredi lafiya yake, kafaɗa ko leɓen murfi ne ba su miƙe ba, kuma gyaransu sauƙi ne. In rawar na nan, tiredin ne ya karkace. Ba a miƙar da shi ta sake bi da dayis, sai dai ya ƙara sako-sako. Yanke wuyan ka sake wani in tsawo ya rage, ko ka yashe ka manna sabon guntu ka yanka a kai.

Daidaita zane da maƙali

Yanzu lambar nan ta 2.4. Tunda juyi ɗaya, digiri 360, yana tafiyar da murfi milimita 2.4, to duk milimita 0.1 da ka rage daga inda murfi ke tsayawa zai ƙara masa juyin digiri 15. In ka kalli kan alƙalamin kamar fuskar agogo, tsakanin awa da awa digiri 30 ne, wato milimita 0.2.

Da farko gano inda murfinka ke tsayawa. Wasu na tsayawa da leɓe a kan kafaɗar jiki. Wasu kuma an yi musu ɗan mataki a ciki wanda ke dafa gaban mariƙi, abin da ke taimakawa wajen hana baki bushewa. Shafa maka a leɓe da gaban mariƙi, rufe, buɗe, ka ga inda tawada ta goge. Can za ka rage, rage ɗaya wurin ɓata lokaci ne.

Rufe murfi ta kowace mashiga ukun, da ƙarfin da mai alƙalami zai rufe, ba matsewar makanike ba. Kowane karo ka duba inda layin murfi ya tsaya daga layin jiki. Za ka samu wurare uku, digiri 120 tsakaninsu. Zaɓi wanda layin murfi bai ƙaraso ba tukuna, wato saura kaɗan ya iso in da za a ci gaba da murɗawa. Ragewa gaba kawai take kai murfi, ba ta dawo da shi baya. Wanda ya wuce layi da digiri 10 ya fi wanda ya rage saura digiri 110 kusa a ido, amma ba shi da amfani a gare ka.

A ce saura digiri 60. Raba da 15, ka samu 4, wato milimita 0.4. Kada ka cire su a karo ɗaya. Cire 0.3, gwada, sannan ka bi sauran kaɗan-kaɗan. Digiri biyar na ƙarshe ba aikin ƙarfe ba ne: shimfiɗa samfefa mai laushi a kan gilashi, kifa leɓen murfi a kai, ka murza sau biyu ko uku kana juya shi a hannu don kada gefe ɗaya ya fi ci. Ni nakan so a tsaya saura ɗan ƙiris layin bai haɗu ba, domin bayan goge-goge da rufewa da buɗewa na 'yan makonni fuskokin na kwantawa, murfi ya ƙara shiga kaɗan. In kuwa ka zarce, ba a rasa alƙalami ba: mashiga ta gaba na nan tafe, iyakar abin da za ka ƙara ragewa bai wuce milimita 0.8 ba. Sai dai ka duba cewa tsinin baki na da sarari a ƙuryar murfi, ka bar masa aƙalla milimita 2 tun wajen huda saboda irin wannan.

Gaskiyar da ya kamata ka faɗa wa mai saye ita ce, a mashiga uku zane na haɗuwa ta mashiga ɗaya ce kawai cikin ukun. In alƙalamin mai layi ne ƙarara, ko mai kusurwoyi da dole su haɗu kullum, mashiga ɗaya ta fi dacewa ko da juyi zai yi yawa. A M12x0.75 mai mashiga ɗaya, milimita 0.1 digiri 48 ne, saboda haka sai ka ƙara sassauta hannu wajen ragewa. Kusurwoyin kuma ka yanke su bayan an rufe murfi a kan jiki, a yanka su tare.

Haka lissafin yake ga mariƙi. A M10x1, milimita 0.1 daga kafaɗar mariƙi digiri 36 ne. Da shi za ka juyo da bakin alƙalami ya kalli mafi kyawun gefen robar. Amma tsari na da muhimmanci: fara ɗaure gidan baki a mariƙi, sannan daidaita mariƙi da jiki, sannan murfi. In murfinka a kan mariƙi yake tsayawa, duk abin da ka rage a mariƙi zai motsa murfi, sai ka sake aiki in ka fara da murfin.

Maƙali shi ne na ƙarshe, kuma shi ya fi sauƙi, tunda zobensa na juyawa yadda ka so kafin a ɗaure kan murfi. Rufe alƙalamin ta mashigar da zane ke haɗuwa, miƙa layi daga tsakiyar baki zuwa saman murfi, sannan ka yanke gurbin maƙali da ƙaramin magagari a daidai nan.

Wajen sassaƙa siffar waje, kada ka kama murfi ko jiki kai tsaye a kolet. Yi wa kowanne sandar ɗauri daga alminiyam ko tagulla, mai tiredi irin nasa da kafaɗa miƙaƙƙiya, ka murɗa shi a kai, yadda wajen alƙalamin zai bi tsakiyar tiredinsa. Kafin layin maka ya goge da sassaƙa, mayar da alamar cikin bakin murfi da kan wuya. Lokacin gogewa kuma ka liƙa salatif a kan kafaɗa da leɓe, domin samfefa na cin milimita 0.05 ba ka sani ba, kuma wannan kaɗai digiri bakwai da rabi ne.